Takardun filayen shugabannin Amurka da sunayen da ba a rubuta ba

A kasuwannin gwanjon kayan tarihi na Amurka akwai wata takarda da masu tara tsofaffin rubuce-rubuce ke rububi: shaidar mallakar fili mai hatimin gwamnati da sa hannun shugaban ƙasa. Idan kuwa a filin ne aka gina ɗaya daga cikin manyan gidajen gandun bayi na kudanci kafin yaƙin basasar 1861, sai sha'awar masu saye ta ƙaru.

Abin da masanin harkar ke fara dubawa shi ne shekara. Har zuwa 1833 shugaban ƙasa da kansa yake sa hannu a kowace takarda, kamar yadda ake jiran sa hannun gwamna a takardar C of O a Najeriya. Da dubban takardu suka taru a gaban Andrew Jackson, sai majalisar dokoki ta amince a watan Maris na shekarar a naɗa magatakardan da zai riƙa sa hannu a madadinsa. Don haka takardar da ke ɗauke da sunan Abraham Lincoln, alal misali, hannun magatakarda ne, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Gandayen da ke kewayen birnin Washington ba sa cikin wannan lissafi. Filin Mount Vernon, gidan George Washington, tun 1674 aka ba kakan mahaifinsa da wani abokin tarayyarsa, zamanin mulkin Ingila. Filayen da shugabanni suka sayar suna can jihohi irin su Alabama da Mississippi.

Dokar 1820 ta sa farashin eka ɗaya a kan dala ɗaya da kwata. A 1830 Jackson ya sa hannu a dokar tashin 'yan asalin ƙasar daga yankunansu, kuma a wannan shekarar aka matsa wa al'ummar Choctaw ta sallama kusan eka miliyan 11 a Mississippi. Fili ya samu, saura masu noman auduga.

Su ma da yawansu daga yankin Washington aka kwaso su. Daga 1828 zuwa 1836 kamfanin dillalan bayi na Franklin da Armfield yana da kurkuku a titin Duke da ke Alexandria, garin da a lokacin yake cikin gundumar babban birnin tarayya. Daga nan ake tura mutane New Orleans da Natchez, wasu ta jirgin ruwa, wasu a ƙafa cikin sarƙa. Ke nan gunduma ɗaya ce ta fitar da takardar fili da kuma wanda zai sare dajin. Ginin yanzu gidan tarihi ne mai suna Freedom House.

Takardar tana ɗauke da sunan mai saye da yawan eka da iyakokin fili. Ba ta ambaci wanda aka tasa ba, balle wanda aka kawo. Ko a ƙidayar 1850 da 1860, shekarun bawa da jinsinsa da launin fatarsa kawai aka rubuta ƙarƙashin sunan ubangidansa. Shi ya sa jikokin bayi masu neman asalinsu sukan fara da sunan mai gandu, kuma a nan takardun suke da amfanin da ya wuce adon bango. Hukumar kula da filayen tarayya ta sanya fiye da miliyan biyar a intanet kyauta.

Wannan bincike yana gudana ne a daidai lokacin da ake taƙaddama kan yadda za a ba da tarihin bauta. A watan Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin sake duba abin da gidajen tarihi na Smithsonian ke nunawa, yana zargin ana zubar da ƙimar ƙasar.

Akwai takardun filaye da suka taɓa ɗaukar sunayen bayin da aka 'yanta. A watan Janairun 1865 Janar William Sherman ya ware musu har eka 40 ga kowane iyali a gaɓar tekun kudanci. Kafin shekarar ta ƙare, Shugaba Andrew Johnson ya ba da umarnin mayar da akasarin filayen ga tsofaffin masu gandu.