A auna ƙafa kafin a sayi keke

Kaka ta yi. An yanke hatsi, an rore wake, an cire gujiya. Ɗan kuɗi ya shigo hannun manomi, makiyayi ma dabbobinsa sun yi kyan gani a kasuwa. A irin wannan lokaci ne mutane da yawa ke niyyar sayen keke. Shawara ce mai kyau. Keke ba ya cin ciyawa, ba ya shan mai. Yana kai mutum gona, yana kai buhu kasuwa, yana kai yaro lakwal, yana kai maras lafiya gidan likita.

Amma akwai kuskure guda da masu saye ke yawan yi. Sai su duba fenti, su duba ƙararrawa da madubi, su tambayi sunan keken. Ba su tambayar girmansa. Alhali ba mai sayen takalmi bai sa ƙafarsa ciki ba. Keke ma haka yake. Akwai na dogon mutum, akwai na gajere, akwai na yaro. Wanda ya sayi abin da ba daidai da shi ba, ya sayi ciwon gwiwa da ciwon baya da kuɗinsa.

Lambobi biyu ne ga keke

Wanda ya koyi karatu yana iya duba gefen taya. Zai ga lamba a rubuce, kamar 28 ko 26 ko 24. Wannan lamba girman taya ce, da inci ake faɗinta. Inci 1 shi ne santimita 2 da rabi da ɗan kaɗan. Manyan kekunan ɗaukar kaya irin su Phoenix da Flying Pigeon na ƙasar Sin, da Hero na Indiya, da tsofaffin Raleigh na Ingila, yawancinsu taya 28 gare su.

Lamba ta biyu ita ce ta gangar jikin keken, wato ƙarafan nan da aka haɗa wuri guda, waɗanda taya da sirdi da feda ke maƙale da su. Masu gyara suna ce mata kadar, wasu su ce firam. Ana auna ta daga tsakiyar ƙarfen da feda ke juyawa a kai har bakin bututun da wuyan sirdi ke shiga. Ga manyan kekuna an fi samun inci 22 da inci 24. Inci 22 shi ne santimita 56. Inci 24 kuwa santimita 61.

Ke nan kekuna biyu na iya zama da taya 28 dukansu, amma ɗaya ya fi ɗaya tsawo da santimita 5. Mai sayarwa zai ce duka 28 ne. Bai yi ƙarya ba, amma taya ya faɗa. Kadar ita ce abin dubawa. Ana sake taya, ana sake sarƙa, ana sake sirdi. Kadar ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa, har ranar da keken zai mutu.

Yadda ake auna ƙafa a gida

Tsawon mutum daga kai zuwa ƙasa bai isa ba. Mutum biyu na iya zama tsawonsu ɗaya, amma ɗaya ya fi dogayen ƙafafu. Ƙafa ce ke tuƙa keke, saboda haka ita ake aunawa.

Mai son keke ya cire takalmi, ya jingina bayansa da bango. Ya sa allo tsakanin cinyoyinsa, ya ɗaga shi sama har ya tokare kamar yadda sirdi ke yi. Ɗan uwansa ya sa alama a bango da gawayi, daidai bakin allon na sama. Sai a auna daga ƙasa zuwa alamar da mitar tela. In babu mita a gida, a yanki igiya daidai tsawon, a kai wa tela ya auna.

Lambar da aka samu a raba ta kashi 3, a ɗauki kashi 2. Abin da ya fito shi ne girman kadar da ta dace.

Ƙafa mai santimita 78: kadar mai santimita 52.
Ƙafa mai santimita 84: kadar mai santimita 56, wato inci 22.
Ƙafa mai santimita 90: kadar mai santimita 60, wato kusan inci 24.

Wannan lissafi na keken da sandarsa ta sama ke miƙe ne, ba ta karkata ba. Kekunan zamani da yawa sandarsu ta sama ta gangaro wajen sirdi. Waɗansu ma harafi ake rubuta musu a madadin lamba: S ƙarami, M matsakaici, L babba. Ga irin waɗannan, gwaji ya fi lissafi.

Gwaji 3 a gaban mai sayarwa

Na 1: mai saye ya ƙetara sandar sama, ya tsaya da ƙafafunsa biyu a ƙasa, ba a kan sirdi ba. Lalle ne a samu fili tsakanin sandar da jikinsa, ko da na yatsu 2. In sandar ta taɓa shi, ko kuwa sai ya yi ɗage, keken ya yi masa girma. Ranar da taya ta nutse cikin rairayi ya diro ba shiri, sandar za ta buge shi inda ba ya so. Manyan kekuna masu taya 28 suna da bisa ƙwarai. Gajeren mutum gara ya nemi mai taya 26. In lissafi da wannan gwaji sun saɓa, a bi gwajin.

Na 2: ya hau sirdi, wani ya riƙe masa keken. Ya ɗora diddige a kan feda, ya juya ta har ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak, ba tare da ya karkata ƙugu ba. In an samu haka, lokacin da ya taka da gaban ƙafa gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Haka ake so. Mai son lamba ya cire wajen santimita 10 daga tsawon ƙafarsa. Mai 84 zai samu 74. Wannan shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar ƙarfen feda da saman sirdi.

A nan sai a lura da wuyan sirdi. Yawancinsu suna da zane a jiki. Kada a zaro wuyan ya wuce zanen, don abin da ya rage cikin bututun ba zai iya ɗaukar nauyi ba. Wuyan na iya karyewa, ko bututun ya tsage. In sai an wuce zanen kafin ƙafa ta miƙe, keken ya yi ƙanƙanta. In kuwa an sauke sirdi har ƙarshe amma ƙafa ba ta kai feda da kyau ba, ya yi girma.

Na 3: ya ɗora gwiwar hannunsa a hancin sirdi, ya miƙa yatsu wajen kan keken. Wannan kamu ɗaya ke nan, irin wanda ake auna ƙyalle da shi. In yatsun sun kai kusa da tsakiyar kan keken, to madalla. In sun rage da nisa, zai riƙa miƙa jiki, wuya da baya su yi ta ciwo. In sun wuce sosai, zai takure, gwiwarsa ta riƙa bugun kan keken wajen juyawa.

Me ya sa ake wannan wahala?

Tayar 28 in ta juya sau 1 tana cin mita 2 da ɗan kai. Ga keke mai haƙora 44 a gaba da 18 a baya, juyin feda 1 yana kai mutum kusan mita 5 da rabi. Daga Mirya zuwa Damagaram wajen kilomita 18 ne. Ke nan kowace gwiwa za ta lanƙwasa ta miƙe fiye da sau 3000 kafin a iso, ban da komowa. In sirdi ya yi ƙasa, gaban gwiwa ke ɗaukar nauyin, ƙarfi kuma ya tafi a banza. In ya yi sama, ƙugu ya riƙa rangaji, bayan gwiwa ya ɗaure, cinya ta goge. Kuskuren yatsa 2 ba a jin sa cikin gari. Amma in an maimaita shi sau dubbai, ga buhu a baya, ga rairayi, jiki zai faɗa. Manomi kuwa da gwiwa da baya yake noma.

Keken da fedarsa ba ta hutawa

Ga keken da aka saba da shi, mutum na iya daina tuƙi a gangare, taya ta yi ta gudu feda na tsaye. Wani ƙarfe ne mai haƙora a tayar baya ke ba da wannan hutu, masu gyara na ce masa firi. Akwai wani irin keke da ba shi da firi. An ɗaure ƙarfen haƙoran da tayar kam. Muddin taya na juyawa, feda na juyawa. In an tuƙa baya, keken ya koma baya. Turawa na ce masa fiksi.

Irin nan ba sabo ba ne. A 1885 wani mutumin Ingila mai suna John Kemp Starley ya fito da keke mai sarƙa wanda kekunan yau suka gada, a garin Coventry. Kekunan farko haka suke, ba firi. Sai wajen ƙarshen shekarun 1890 firi ya bazu. Har yau da irin wannan keke ake tsere a filin da aka gina musamman don tseren keke, kuma na can ba su da birki. Samari a manyan biranen Turai da Amurka ma suna hawan sa, don ba shi da nauyi, ba shi da yawan gyara.

Mai sayen tsohon keke ya gwada kafin ya biya. Ya ɗaga tayar baya, ya juya feda, ya sake ta. In taya na gudu feda ta ƙi tsayawa, to fiksi ne. Ga wannan keke maganar girma ta fi tsanani, saboda dalili 3.

Na farko, mahayi ba ya iya tsayar da feda ya gyara zama. In sirdi ya yi bisa, feda za ta riƙa fizgar ƙafarsa, a gangare ma ta kuɓuce masa.

Na biyu, wajen shan kwana ba a iya ɗage feda sama. Tana iya dukan ƙasa ta yar da mutum. Don haka ne masu ƙera na tsere ke ɗaga mazaunin feda sama kaɗan, su rage tsawon hannun feda. Wannan kan sa sandar sama ta ƙara bisa. Wanda ya faɗa tsakanin girma biyu, ya ɗauki ƙaramin.

Na uku, kada kuma ya yi ƙanƙanta ainun. Ga ƙaramar kadar, yatsun ƙafa kan taɓa tayar gaba in an juya kan keken. A gwada wannan a tsaye tukuna.

Wanda ya samu irinsa, ya sa masa birki ko da na gaba ne. Ya naɗe ƙafar wando, ya tattare riga. In tufa ta shiga sarƙa, feda ba za ta tsaya ba. Kada a bar yara su yi wasa da sarƙarsa, tana iya datse yatsa. Wanda kuwa aikinsa ɗaukar buhu ne da jarkar ruwa, mai firi ya fi masa.

Yara da mata

Uba kan saya wa ɗansa babban keke, ya ce ai zai girma. Kafin ya girma fa? Sai a ga yaro ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda, keke ya karkace, hannu bai kai birki ba. Haka ake karya hannu da haƙori. Keken yara da taya ake gane shi: akwai 16, akwai 20, akwai 24. Yaro ya hau sirdi, in yatsun ƙafafunsa biyu sun taɓa ƙasa kuma hannunsa na iya matse birki, to nasa ne. In ya fi ƙarfinsa, ƙane ya gada. Ba a yi hasara ba.

Keken da ba shi da sandar sama ya fi sauƙi ga mai zane, da ƴan mata masu zuwa lakwal, da dattijo mai babbar riga. Gwaji na 1 bai shafe shi ba. Amma na 2 da na 3 suna nan daram.

In gida ɗaya mutum biyu za su riƙa hawa, a sayi wanda ya yi wa gajeren daidai. Dogon ya ɗaga sirdi in zai hau. A sa ɗan zane a wuyan sirdi, kowa ya san wurinsa. A shafa wa wuyan ɗan mai, don kada tsatsa ta kama shi ya ƙi motsi.

Sayen nagari mai da kuɗi gida. Nagari kuwa a nan shi ne wanda ya yi wa mai shi daidai, ko da fentinsa ya koɗe. Ranar kasuwa, mai niyya ya sa lambarsa a takarda, ya sa igiyarsa a aljihu. Ya auna, ya hau, ya zagaya, sannan a yi maganar kuɗi.

Aikin lissafi na wannan wata

Masu zuwa ɗakin karatu su gwada waɗannan tare da malaminsu.

1. Ƙafar wani makiyayi santimita 81 ce. Kadar mai santimita nawa ta dace da shi?
2. Wani manomi ya ga keke mai kadar inci 24. Ƙafarsa santimita 78 ce. Ya saya ko ya bari?
3. Kowa ya auna ƙafarsa, ya rubuta lambar keken da ya dace da shi.

Amsa za ta fito a jarida ta wata mai zuwa, in Allah ya yarda.