Gawon gonarka na wane ne?

In aka zauna hira a bakin tabkin Madarunfa, ba a rasa dattijon da zai ce: "Zamanin Kunce ya fi." Ni ba na yi mashi gardama da sauri, don akwai gaskiya cikin maganarshi. Seini Kunce ya karɓi mulki a 1974, ya riƙe shi har ya rasu a 1987. Ma'aikaci yana tsoron makara, don shugaba na iya faɗowa ofis ba sallama. Samariya ta gina azuzuwan lakwal, ta share gari. Mai taɓa kuɗin gwamnati ya san inda zai kwana.

Amma fa mu tuna da sauran. An hana jam'iyyu. Mutum in zai yi zancen gwamnati sai ya waiga hagu da dama. Gari ya yi tsit, shi ya sa muke zaton babu laifi cikinshi.

To, ƴan uwa, mu dubi itace, don shi kowa ya san shi. Tun zamanin Faransa doka ta ce manyan itatuwa irin su gawo na gwamnati ne, ko da cikin gonarka suka tsiro. Ka sare reshe, ƴan gandun daji su ci ka tara. Niyyar mai kyau ce: a tsare daji. Me manomi ya yi? Da ya ga ɗan tsiro sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kada gobe ya jawo mashi masifa. Gonaki suka zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi.

Bayan yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, abin ya fara sakewa a jihar Maraɗi. Manoma suka koyi sassaben zamani: a bar kututture ya toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a rage sauran. Hannun hukuma ya yi sassauci, daga baya dokar daji ta 2004 ta yarda manomi yana da haƙƙi a kan itacen gonarshi. Masu bincike sun ce itatuwa kamar miliyan 200 suka dawo a kudancin Nijar. Abin da tara ta kasa, "nawa ne" ya yi shi.

Shi ya sa nake jin tsoron duk wanda ya zo ya ce zai gyara mana gari sarai, babu aibi ko ɗaya. Kafin ya kai can sai ya ɗaure hannun kowa, har da na masu gyara.

Kada dai a ce na ce kowa ya yi abin da ya ga dama. Itace ya dawo, rigima ma ta dawo tare da shi. Wani ya zo da dare ya sare maka gawo. Makiyayi yana son ganye don bisashenshi da rani. Matar da ba ta da gona tana son iccen girki, ita ma ɗiyanta za su ci tuwo. A wasu ƙauyuka an kafa kwamiti, an sa manoma da mata da Fulani ciki, su suka yanka dokar da kansu. Ana ta da murya a wurin taron, wani sa'i a tashi ba a shirya ba, a sake zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.