Rina fitilar mota da rawaya ba ya maganin gajiyar ido



Wani sabon yayi ya shigo ƙasarmu ta Arewa. Direbobi da ƴan kabu-kabu suna manna leda mai ruwan ɗorawa a kan gilashin fitilunsu. Waɗansu ma fenti suke shafawa. Idan ka tambaye su dalili, sai su ce farin haske yana gajiyar da ido da dare, rawaya kuwa tana sanyaya shi. Na ji wannan magana a tashar Gesheme, na ji ta a Tibiri, na kuma ji ta a Dogon Dutsi. Ra'ayina shi ne: kukan da suke yi gaskiya ne, amma maganin da suka ɗauko ba shi ne magani ba. Yana ma iya jawo asarar rai.

Ni ma na gwada

Ba zan zargi kowa ba, domin ni ma na taɓa yi. Aikina yakan sa ni yawon ƙauyuka a kan babur, kuma sau da yawa dare yakan riske ni a hanya. Da shekaruna suka haura arba'in, sai na fara jin fitilun motoci suna soka mini ido. Wani bakanike ya ba ni shawara, ya manna mini ledar rawaya. Daren farko na ji daɗi. Hasken ya yi laushi, ƙurar hanya ba ta maido mini da shi a fuska kamar da.

Dare na uku ina komowa gida, sai kawai na ga ƙafafun jaki a gabana. Amalanke ce ɗauke da rake, da wani yaro a kanta, ba fitila, ba komai. Na taka birki, na faɗi gefen hanya, na kurje gwiwa. Allah ya kiyaye, ban taɓa su ba. Da na zauna na yi tunani, sai na gane cewa da farin haskena na da, da na hango su tun da ɗan nisa. Washegari na ɓare ledar.

Daga ina rawayar fitila ta samo asali?

Dattawanmu suna tune da motocin Peugeot 404 da 504 masu rawayar fitila, waɗanda suka daɗe suna jigila tsakanin Yamai, Doso, Dogon Dutsi da Birnin Kwanni. Wannan ba ado ba ne. Doka ce ta ƙasar Faransa. A shekarar 1936 hukumar Faransa ta yanke cewa fitilun motoci su zama rawaya. Dokar ta fara aiki a kan sababbin motoci a 1937, ta game dukan motoci a 1939. Dalilin da aka bayar shi ne rage kashe idon direban da ke tahowa daga gaba. Motocin da suka riƙa shigowa Nijar daga Faransa da wannan launi suka zo.

Dokar ta yi shekara fiye da 50. A ranar 1 ga Janairu 1993 Faransa ta daina tilasta ta, ta bi sahun sauran ƙasashen Turai masu farar fitila. Daga nan masu ƙera motoci suka koma fari. Ku lura da abu biyu. Na farko, ƙasar da ta fi kowa riƙo da rawaya ita da kanta ta sake ta. Da an tabbatar tana ceton rayuka ƙwarai, da maƙwabtanta ne za su bi ta. Na biyu, rawayar Faransa a masana'anta ake yin ta, da gilashi na musamman wanda aka auna. Ba leda ba ce ta kasuwa, ba kuma fenti ba.

Me leda take yi wa haske?

Farin haske haɗin launuka ne, waɗanda muke gani a bakan gizo lokacin damina. A cikinsu akwai shuɗi. Shuɗin nan shi ne ya fi damun ido, shi ya sa sababbin fitilu masu fari fat, waɗanda ake kira LED, suka fi tsofaffin ƙwan fitila sa mutum runtse ido. Ledar rawaya tana tare shuɗi, ta bar sauran su wuce. Saboda haka hasken yake yin laushi. Har nan masu leda suna da gaskiya.

Amma ku dubi matanmu idan suna tankaɗe. Garin da ya faɗa cikin ƙwarya bai kai wanda aka zuba a rariya ba. Haka leda take. Ba ta ƙara haske ko kaɗan, ragewa take yi. Ko gilashin Faransa mai kyau yana cinye wajen kashi 15 cikin 100 na hasken. Leda mai kauri da fenti sun fi haka ci nesa ba kusa ba. Ga shi kuma rana da zafin fitila suna ƙona leda, ta dushe, ta tattare, ta riƙa watsa haske ko'ina maimakon ta miƙa shi kan hanya.

Akwai kuma wani abin da mutane ba su lura da shi ba. Hasken da ke soka maka ido ba naka ba ne, na motar da ke tahowa ne. Ko ka rina fitilarka da zinariya, tasa tana nan fara. Ka rage ganinka, ba ka rage tasa ba.

Waɗansu sun gane haka, sai suka koma sayen tabarau mai rawaya. Shi ma an gwada shi. A shekarar 2019 masana ido a birnin Boston na Amurka suka gwada mutum 22 a cikin na'urar koyon tuƙi, da tabaran rawaya da kuma farin tabarau. Suka tarar tabaran rawaya bai taimaka wa kowa ya hango mai tafiya a ƙasa da wuri ba. Jin daɗin ido daban, gani daban.

Mu yi lissafi

Fitilar mota iri biyu ce. Babba, wadda direbobi ke kira far, an yi ta ta haska aƙalla mita 100. Ƙarama, wadda suke kira kod, aƙalla mita 30. Idan mota na gudun kilomita 90 a awa, tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da direba ya hango abu zuwa lokacin da ƙafarsa ta taɓa birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. A makarantar tuƙi ana koyar da cewa mai gudun 90 yana bukatar wajen mita 81 kafin ya tsaya cak a kan busasshiyar kwalta. Mai gudun 60 yana bukatar wajen mita 36. A hanyar jar ƙasa mai tsakuwa ko yashi, nisan ya fi haka.

To, mutumin da ke ganin mita 30 ko 40 kaɗai a gabansa, yana da rarar hasken da zai bai wa leda? Ba shi da ita. Kowace mita da leda ta cinye, daga rabon wanda ke gaba aka cire ta.

Wane ne ke gaba? Mu ne. Manomin da ya taso daga fadama bayan magariba da amalanken shanu. Matar da ta tashi daga kasuwar Fadama ko ta Lido da kaya a ka. Makiyayi da garkensa. Almajiri da ƙoƙonsa. Babu ɗaya daga cikinsu mai fitila a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ta fi kowace asara. Fiye da rabin mamatan ba a cikin mota suke ba: masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur.

To, lokacin hazo fa?

Wani direba ya ce mini: "Malam, a watan hunturu, idan hazo ya sauka, farin haske bango yake zama a gabanmu." Gaskiya ne. Amma akwai ƙananan fitilu na hazo da ake ɗaurawa can ƙasa, kusa da tayoyi. Sau da yawa rawaya ne, kuma ban ƙi su ba. Sai dai babban amfaninsu daga mazauninsu yake fitowa: suna haska ƙasa, hasken ba ya komowa idon direba. Wanda ya iya saye, ya sa su ƙari a kan fitilunsa. Cikin hazo kuma a kashe far, a bar kod, a rage gudu. Wannan dabam yake da rufe babbar fitila da leda.

Watakila idon ne ke kuka

Ga abin da ya fi damuna. Idan haske ya fara damun mutum fiye da yadda ya saba, sau da yawa ba fitila ce ta sauya ba, idon ne. Leda takan ɓoye ciwon, mai shi ya ci gaba da tuƙi har ya makara.

Akwai tsufa. Hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon ɗan shekara 20 ba. Kuma idan fitila ta kashe wa dattijo ido, yakan daɗe kafin ganinsa ya komo.

Akwai yanar ido. Alamunta na farko su ne ganin hazo-hazo da ganin zobe kewaye da fitila da dare. Ita ce ta fi kowace cuta makantar da mutane a duniya, amma ana cire ta da ɗan gajeren aiki, gani ya komo da yardar Allah.

Akwai dundumi, wato rashin gani da zarar rana ta faɗi. Yawanci ƙarancin bitamin A ne ke kawo shi. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara ƴan wata 6 zuwa 59 wannan bitamin. Maganinsa yana cikin garakenmu na Dallol Mawri: zogale, kabewa, karas, mangwaro, gwanda, da ganyen miya. Akwai shi kuma a hanta, ƙwai, man shanu da man ja. A ci ganye da ɗan mai, domin jiki ya fi karɓarsa haka.

Akwai kuma masu bukatar tabaran likita ba su sani ba, da masu ciwon sukari wanda ke taɓa ido a ɓoye. Ni da na je aka auna ni, tabarau aka rubuta mini. Tun da na fara sa shi, fitilun dare suka daina yi mini reshe-reshe.

Abin da ya kamata mu yi

1. Direba, wanke gilashin fitila da gilashin gaba, ciki da waje, kafin tafiyar dare. Ƙura da maiƙo suna watsa haske, su gajiyar da ido.

2. Ka sa bakanike ya daidaita fitilarka ta dubi hanya. Mota idan an labta mata buhunan gero a baya, hancinta yakan ɗaga, fitilar ta koma cikin idon mutane.

3. Kada ka sa ƙwan LED mai tsananin haske a gidan fitilar da ba don shi aka ƙera ba. Kai kana gani, amma ka makantar da ɗan uwanka.

4. Idan mota ta taho daga gaba, ka sauke far zuwa kod. Kada ka kalli fitilarta. Ka dubi bakin hanya na hannun dama, ka sassauta.

5. Idan ido ya yi nauyi, ka tsaya ka huta. Goro da shayi ba sa biyan bashin barci.

6. Wanda ya haura shekara 40 yana tuƙi, ya je gidan likita a duba idonsa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi asibitin Dogon Dutsi ko na Doso. Kada a ɗiga wa ido wani abin da likita bai bayar ba.

7. Manomi, kai ma da naka. Ka kafa jan faifan nan mai walƙiya idan haske ya dake shi a bayan amalankenka, dama da hagu. Ka riƙe tocila. Ka bi gefen hanya. Yaron da ka aika da dare ya sa farar riga.

Ina kira ga shugabannin tasha da na ƴan kabu-kabu su tattauna wannan magana da mutanensu. Ina roƙon masu gari su sa a yi shela a kasuwanni game da alamar bayan amalanke. Kuɗin leda da na fenti, da an sayi wannan alama da su, da sun fi amfani.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma sauri ya haifi nawa. Ido amana ce, ran wanda ke gabanka ma amana ne. Wanda idonsa ke ciwo ya nemi likita, ya bar fitila da haskenta.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.