Kuɗin Tsaro Da Kuɗin Taki: Muhawara Kan Kasafi A Yankin Funtua Da Malumfashi

A duk lokacin da aka gabatar da kasafin kuɗi, akwai tambayar da kan mamaye majalisun hira, tun daga kasuwar hatsi ta Dandume har zuwa tashar motar Malumfashi: shin kuɗin da ake zubawa a harkar tsaro bai cinye rabon noma da ilimi da lafiya ba? Wannan tambaya ta cancanci a dube ta da idon basira, domin ta shafi rumbun kowane magidanci.

Masu wannan ƙorafi suna da hujja. A daftarin kasafin 2025 da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya gabatar a watan Disamba na 2024, an ware wa tsaro naira tiriliyan 4.91, ilimi ya samu tiriliyan 3.52, lafiya kuma tiriliyan 2.48. Alhali kuwa shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, sannan a Maputo a 2003 suka amince da kashi 10 ga aikin gona. Wasu ma kan kawo misalin Kosta Rika, ƙaramar ƙasar da ta rushe rundunar sojinta a 1948, ta karkata dukiyarta ga makarantu da asibitoci. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Mu a nan muna zaune ne a gefen dazuzzukan da suka haɗa mu da Zamfara da Kaduna, inda 'yan bindiga suka yi sansani.

Idan za a iya tunawa, a watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, lamarin da ya sa aka rufe makarantun kwana na wani lokaci. A 2021, gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta ɗauki tsauraran matakai, har aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi. A watan Agusta na 2025 kuma, aka kai wa masallata hari ana tsakiyar sallar asuba a Unguwar Mantau da ke ƙaramar hukumar Malumfashi. Waɗannan abubuwa sun nuna mana cewa idan tsaro ya taɓarɓare, kuɗin da aka kashe a sauran fannoni ma hasara yake zama. Ajin da aka gina ya zama kango, malamin asibiti ya nemi sauyin wurin aiki, buhun takin da aka raba kuwa a ɗaki zai kwana matuƙar manomin Faskari ko Sabuwa ba ya iya kaiwa ga gonarsa ta nesa.

Hasarar ba ƙarama ba ce ga yankin da ke ciyar da jihohi da dama da masara da dawa da waken suya, ga kuma auduga. Saboda albarkar wannan ƙasa ce aka zaɓi Funtua, tare da Gusau da Gombe, domin fara shirin bunƙasa aikin gona na Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970.

Ya kamata kuma jama'a su fahimci yadda aka raba nauyin. Tsarin mulkin 1999 ya sanya sojoji da 'yan sanda a hannun gwamnatin tarayya. Duk da haka, jiha ce kan tallafa da motoci da mai da alawus, daga asusun da take biyan malaman makaranta da sayen magunguna. A 2023, Mai Girma Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, sannan a watan Oktoba na wannan shekara ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma sama da 1,400, waɗanda aka ɗebo daga garuruwan da matsalar ta addaba, domin ɗan gari shi ya san lungunan dajin garinsu.

A ganinmu, abin da ya kamata a mai da hankali a kansa shi ne sakamakon da kuɗin ya haifar. Ma'aunin kuɗin tsaro a ƙasar noma a fili yake: gonaki nawa aka koma nomawa bana waɗanda aka bari bara, makarantu nawa aka sake buɗewa, kuma motoci nawa ke isa kasuwar Sheme ko ta Bakori lafiya a ranar kasuwa. Idan waɗannan alƙaluma suna ƙaruwa, kuɗin ya biya. Idan kuwa ba su motsa ba, wajibi ne Majalisar Dokokin Jiha ta binciki inda gizo ke saƙa. Haka nan, bai kamata a bar makaranta da asibiti su bushe ba, domin yaron da ya tashi babu karatu babu sana'a shi ne wanda ɓata-gari ke saurin ja zuwa daji. Rigakafi dai ya fi magani.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da hakimai da dagatai da malaman gona su riƙa tattara sahihan bayanai kan gonakin da aka ƙaurace wa da waɗanda aka farfaɗo da su, su gabatar a tarukan jin ra'ayin jama'a kafin a tsara kasafi. Su kuma manoma su halarci waɗannan taruka su faɗi buƙatunsu, tare da kai rahoton duk wani mai kai wa 'yan bindiga labari ko kayan masarufi.

Allah Ya zaunar da jiharmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.