Wa Ke Da Alhakin Hausawan Hanyar Gabas?

Duk ranar 26 ga Agusta mukan sa manyan riguna, mu naɗa rawani, mu yi bikin Ranar Hausa, ana ta alfahari da cewa harshenmu ya kai daga Kumasi har Fot Sudan. Gaskiya ne, ya kai. Abin da ba a so a faɗa a wurin biki shi ne, mutane ne suka kai shi da ƙafafunsu, kuma jikokinsu na nan babu mai waiwayarsu.

Mu da ke zaune a Sabangali da sauran unguwannin N'Djamena ba ma bukatar a ba mu labarin wannan hanya, domin a kanta aka haife mu. Tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, ayarin alhazai ke bi daga Kano da Borno, su ƙetare kogi daga Kusuri, su nufi Abeshe da Adre. Wasu guzuri ya ƙare musu a nan, wasu a gonakin audugar Jazira. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau.

A 2022 aka far wa Hausawan jihar Shuɗin Nilu, a Yuli, aka sake a Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Me ya zo daga ƙasar Hausa? Ta'aziyya a Facebook da takardun Allah wadai. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, aka kwaso ɗaliban Najeriya, abin da ya kamata. Wanda kakansa ya baro Sakkwato a ƙasa kuwa ba shi da fasfo, saboda haka ba ya cikin lissafin kowa.

Ƙasar Ayalan, wadda mutanenta ba su kai na jihar Kano ba, ta kafa shirin tallafa wa 'ya'yanta na ƙetare tun 2004, kuma kaso mai yawa yana zuwa ga ƙungiyoyin da ke kula da tsofaffin da suka tafi leburanci Ingila suka tsufa a can ba su tara komai ba. Najeriya ma tana da hukumar NiDCOM, sai dai idan ana zancen 'yan ƙetare a Abuja, mai aiko da dala daga Landan ko Amurka ake nufi.

Za a ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa, ga Zamfara ga Katsina. Ba mu raina wannan ciwo ba. Amma kuɗin da ake watsa wa maroƙa a naɗin sarauta guda ai daga gidan da bai ƙoshi ba yake fitowa. Mu ma nan ba mu tsira ba: muna da Sarkin Hausawa a kusan kowane gari, muna da ƙungiyoyi, amma taimako yakan tsaya a karo-karon jana'iza.

Abin da muke nema bai wuce ƙarfinmu ba: asusu guda mai rajista, da amintattu daga Cadi da Nijar da Najeriya, wanda attajirai za su zuba wani yanki na zakkarsu, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a kowace ranar 26 ga Agusta, kafin makaɗa su fara.