Tseren Hawan Dutse: Wasan Da Ya Dace Da Mu

Jama'a, a arewacin Ingila akwai wani ɗan gari mai kasuwa, Sedbergh, wanda ke gindin waɗansu tuddai masu tsayi, ciyawa ta lulluɓe su. Tun 1881 'yan makarantar garin suke yin tseren mil goma, su hau tudu su gangara, su keta rafi da taɓo. Manyan mutane ma suna yi. A 1932 Bob Graham ya tashi daga Keswick, ya taka kan duwatsu 42, ya komo kafin awa 24 ta cika. A 1975 Joss Naylor ya taka 72. To, mene ne sana'arsa? Kiwon tumaki.

Nan ne maganarmu take. Mu da muka fito ƙasar Ƙaraye da Rogo mun san yaron Unguwar Hajji da ke bin awaki tun hantsi har la'asar, ran kasuwa kuma ya ɗauki kaya ya tafi da ƙafa ya komo. Da yawanmu haka muka tashi. Amma da muka shigo makaranta muka sa takalmi, sai muka soma ganin tafiyar ƙasa abin kunya ce. Yau wanda dā ke koro ɗan akuya da gudu, in ya zaga fili sau biyu sai haki. Ashe ilmin da ya raba mutum da ƙarfin ƙafarsa bai rage masa wani abu ba?

Don haka muna roƙon malamanmu a sa mana tseren daji da hawan dutse sau ɗaya a shekara. Ba ya bukatar ƙwallo, ko raga, ko fili mai alli. Ɗan talaka da ɗan sarki ɗaya suke a gaban hawa.

Wani zai ce ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Gaskiya ne, amma ba a rasa duwatsu jefi-jefi ba. Ga Dala da Gwauron Dutse a Kano, ga Kufena a Zariya. A 2005 ma an buɗe irin wannan tsere a tsaunin Obudu, har baƙi suka zo daga ƙasashen waje. Wani kuma zai ce rana da ƙaya da gonakin mutane fa? Sai a yi shi da hunturu bayan an kai amfani gida, a tashi bayan sallar asuba, a nemi izinin dagaci, a tsai da mutane da ruwa a hanya.

Gobe mu ne malaman ƙauye. Yaron da ke baya a lissafi, watakila shi zai riga kowa kan dutse, daga ran nan kuwa ba zai ƙara gudun makaranta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma malamin da ba ya iya hawa ba shi da bakin cewa yara su hau. Mu fara da kanmu. Allah ya ba mu lafiya da juriya, amin.