Kyanwa ta haihu a bayan rumbu: me za ku yi?

Idan kyanwar da ba ta da mai ita ta haihu a bayan rumbu ko cikin kango, wasu sukan kore ta da jifa. Wasu sukan kwashe ƴaƴan su zubar a juji. Yara kuma sukan ɗauke su don wasa. Duk ukun nan ba daidai ba ne. Ku taimake ta, amma daga nesa.

Kyanwa tana yi muku aiki ba lada. Ɓera yana cin hatsinku, yana ɓata abinci da kashi da fitsari. Inda kyanwa take zagayawa, ɓera ba ya sakewa.

Ƴaƴanta suna zuwa duniya ido rufe, sai bayan kwana 7 zuwa 10 suke buɗe shi. Suna bukatar uwarsu kusan wata 2. In ba ku gan ta ba, ta tafi neman abinci ne, kada ku taɓa su. Nonon shanu yakan sa su zawo.

Wani zai ce, "Mu ma ba mu ƙoshi ba." Gaskiya ne. Ba a ce ku rage tuwon yara ba. Ruwa a kasko da ɗan sauran abinci sun isa. Ku ajiye a inuwa, nesa da madafa da wurin wasan yara.

Me ya sa daga nesa? Kyanwa mai jego tana cizo, tana yaƙushi. Ciwon haukan kare kuwa yana kama kyanwa, ita ma tana iya sa wa mutum. An ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum kamar 59,000 a duniya kowace shekara, da yawansu yara ne. Da zarar alamunsa sun bayyana, ba a warkewa.

In ta ciji wani ko ta yaƙushe shi, ku wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kada ku sa toka ko barkono. Ku kai shi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne, domin allurar rigakafi.

Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, gama yana iya ɗauke da cutar da ke taɓa jariri a ciki. Wani ya binne shi, ya wanke hannu da sabulu.

Ku gaya wa yara tun yau: a duba da ido, kada a kai hannu.